Nasiha A Kan Tuɓe Shugaba Da Naɗa Magajinsa

Muna farawa da sunan Allah, muna gode masa, muna salati ga Annabinsa da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, wannan takarda ce zuwa ga malamai da almajirai na birnin Haɗejiya da garuruwanta, Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kirikasamma da Birniwa da Malam Madori da Kaugama, da duk wanda ta faɗa hannunsa.

Ku sani, ya 'yan'uwa, abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata mas'ala ce wadda na ga ana tsallake ta. A watan Fabrairu na 2024 wakilai 60 na majalisar tarayya a Abuja suka kawo shawara a gyara tsarin mulkin Nijeriya, a bar tsarin shugaban ƙasa wanda aka ɗauko a 1979, a koma ga tsarin firaminista wanda aka rabu da shi a 1966. Hujjarsu ita ce tsarin shugaban ƙasa yana da tsada, kuma yana tara iko a hannun mutum guda. Mutane suka rabu biyu, waɗansu na yabo, waɗansu na kushe. Ni kuwa tambayata ɗaya ce: kadan aka koma, ta wace hanya za a sauke gwamnati, ta wace hanya kuma za a kafa wata? Wanda ya gina ɗaki bai shirya ƙofa ba, ranar gobara zai san abin da ya manta.

Ga yadda al'amarin yake a taƙaice, domin almajirin da bai taɓa ji ba. A tsarin firaminista jama'a suna zaɓen wakilai, wakilai kuwa su ne ke riƙe da shugaban gwamnati. Muddin mafi yawansu suna tare da shi, yana kan kujera. Ranar da suka janye, sai a kawo abin da ake kira ƙuri'ar yanke ƙauna, a ƙidaya, kadan ya kasa ya sauka, ko da bai saci anini ba. A Ingila, ran 28 ga Maris 1979, an kayar da gwamnatin Kalahan da ƙuri'a 311 a kan 310, watau mutum guda ya raba gardama. Ba wanda ya fasa taga. Aka tafi zaɓe, aka kafa wata gwamnati.

Kada wani ya ce wannan zancen mutanen Abuja ne, ba ruwan mai noman shinkafa a fadama. Ruwan da ke zuwa mana ta madatsar Tiga da ta Challawa yake biyowa, buɗe su da rufe su kuwa aikin hukuma ne. Kachalla da ta toshe hanyoyin ruwa, ba lauje ɗaya ke cire ta ba. Jingar da ke tare birni tana son kuɗi da umurni kafin ruwa ya iso. Mun ga ambaliyar 2020, mun ga ta 2022. To, ku ƙaddara a tsakiyar Agusta aka sauke gwamnati, ba a san wa zai hau ba, kowane ma'aikaci ya naɗe hannu yana jiran ya ga inda iska za ta kaɗa. Kogi ba ya jiran majalisa ta sasanta.

Fasali na farko, a kan abin da ya auku a garinmu

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Sarkin Haɗejiya Buhari ɗan Sambo ya hau a 1848. Bayan kisan Sarkin Auyo, Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya aiko Waziri da umurnin a tuɓe shi, aka naɗa ɗan'uwansa Ahmadu a 1850. Shekara na kewayowa Buhari ya komo da ƙarfi, ya karɓe garin, Ahmadu ya rasa ransa. Aka tara rundunoni daga Kano da sauran ƙasashe don a tilasta hukuncin, aka yi gamon Gaffur, rundunonin suka watse. Buhari ya zauna kan gadonsa har ya rasu a 1863 wajen yaƙi da Badde, a tsakanin nan kuwa ƙauyukan gabashin Kano da na Katagum sun sha hari shekara da shekaru.

Ba shari'a nake yi tsakanin Buhari da Sakkwato ba, duka sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Abin lura nake nuna muku. Sakkwato tana da ikon tuɓewa, ta kuwa ambaci magaji, amma hukuncin daga waje ya zo, kuma masu riƙe da doki da mashi da yawa ba su saki Buhari ba. Da aka rasa hanyar gane wanda ya fi mabiya cikin lumana, sai aka gane a fagen fama, talakan da ba a shawarce shi ba ya biya da rumbunsa da 'ya'yansa. Ƙuri'ar majalisa, in an yi ta bisa gaskiya, ita ce ƙidayar dawakin nan tun ba a ɗaura musu sirdi ba.

Fasali na biyu, a kan Badun

A zamanin mulkin firaminista, tsarin mulkin Jihar Yamma ya ba Gwamna iko ya sauke Firimiya kadan ya bayyana gare shi cewa mafi yawan wakilai sun bar goyon bayansa. Amma bai faɗi ta yaya abin zai bayyana ba. Wannan 'yar kafa ita ce ta cinye jihar. A watan Mayu na 1962, da jam'iyyar AG ta rabu tsakanin Awolowo da Firimiya Akintola, wakilai 66 cikin 124 suka sa hannu a takarda suka kai wa Gwamna, watau Sarkin Ife Aderemi. Ran 21 ga wata ya sauke Akintola, ya naɗa Alhaji Dauda Adegbenro. Akintola ya ce bai sauka ba, tun da ba a ƙidaya kowa a zauren majalisa ba. Jiha guda, Firimiya biyu.

Ran 25 ga Mayu majalisa ta zauna don a gwada. Kafin a ƙidaya aka fara jifa da kujeru, aka karya sandar majalisa, 'yan sanda suka watsa barkonon tsohuwa. Ran 29 ga wata gwamnatin tarayya ta sa dokar ta-ɓaci, ta naɗa Dakta Majekodunmi kantoma. Babbar kotun Nijeriya ta ce Akintola ne da gaskiya, aka mayar da shi ran 1 ga Janairu 1963. A watan Mayu na 1963 kotun ƙarshe ta Ingila ta ce a'a, takardar ta isa hujja, Adegbenro ne da gaskiya. Majalisar Yamma kuwa ta gyara dokar, ta mayar da gyaran baya har zuwa 1960, don hukuncin ya faɗi banza. Ku duba, alƙalai masana sun karanta layi ɗaya sun fito da fatawa biyu, domin wanda ya rubuta layin ya bar shi a buɗe.

Ba a gama da wannan ba, bayan zaɓen 30 ga Disamba 1964 Shugaban Ƙasa Azikiwe ya yi kwanaki bai kira Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kafa gwamnati ba, sai ran 4 ga Janairu 1965, ƙasa tana zaune ɗar-ɗar. Shekara guda bayan haka, ran 15 ga Janairu 1966, aka kashe Akintola da Sardauna da Tafawa Ɓalewa. Ban ce takardar mutum 66 ita kaɗai ta jawo wannan ba, dalilai suna da yawa. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Fasali na uku, a kan maƙwabtanmu

Daga nan zuwa Damagaram ba nisa, mutanen can kuwa danginmu ne, harshe ɗaya, kasuwa ɗaya. Mahamman Usman ɗan Damagaram ya zama Shugaban Nijar a 1993 bisa ƙawancen jam'iyyu. A watan Satumba na 1994 Firaminista Mahamadu Isufu ya ajiye aiki, jam'iyyarsa ta fice, rinjaye ya koma ga 'yan hamayya. Shugaba ya naɗa Sule Abdullahi, majalisa ta kayar da shi cikin Oktoba. Shugaba ya rushe majalisar. Aka yi zaɓe a Janairu na 1995, 'yan hamayya suka sami kujera 43 cikin 83. Suka ce Hama Amadu suke so, Shugaba ya naɗa musu Amadu Sise, suka kayar da shi cikin Fabrairu, sa'an nan aka naɗa Hama. Daga nan shugaba da firaminista suka zauna zaman doya da manja, har taron ministoci ya zama abin jayayya, aikin hukuma ya tsaya. Ran 27 ga Janairu 1996 Ibrahim Ba'are Mainasara ya zo da soja ya kwashe su duka.

A nan ƙuri'ar a zaure aka yi ta, ba a takarda ba, duk da haka ba ta yi magani ba, domin mai saukewa daban, mai naɗawa daban, kowa yana jan igiya wajensa. Amma a ƙasar nan dai, ran 31 ga Mayu 2007, wakilai 62 cikin 113 suka kayar da gwamnatin Hama Amadu, ya sauka, cikin 'yan kwanaki Shugaba Tanja ya naɗa Saini Umaru, ƙasa ta wuce lafiya. Bambancin shi ne wanda aka kayar ya karɓa, kuma ba a bar kujera ta kwana da yawa ba kowa.

Fasali na huɗu, a kan tsarin shugaban ƙasa

Kada a zaci ina wanke tsarin shugaban ƙasa. A Kaduna, Gwamna Balarabe Musa na PRP ya hau a 1979, majalisa kuwa tana hannun NPN. Ya kai sunayen kwamishinoni suka ƙi, ya sāke kai wa suka ƙi, ya yi mulki ba kwamishina har suka tsige shi ran 23 ga Yuni 1981. A wannan tsari ba a sauke gwamna don an daina amincewa da shi, sai an ɗora masa babban laifi. Tsarin mulkin 1999, sashe na 188, ya ce sulusin wakilai su sa hannu, sulusi biyu su yarda a bincika, Babban Alƙali ya naɗa mutum 7, su kawo rahoto cikin wata 3, sulusi biyu su karɓa. Ƙofa ce mai nauyi, saboda haka masu gaggawa kan haura katanga. A 2006, a Badun dai, wakilai 18 cikin 32 suka tsige Gwamna Ladoja, alhali an faro shirin a masaukin baƙi, har kotun ƙoli ta rushe aikin a ƙarshen shekarar. Kowane tsari da inda yake yoyo.

Fasali na biyar, a kan magani

Malamai sun san wannan babi tun kafin a haifi majalisar Ingila ta yanzu. Mawardi a cikin Ahkamus Sulɗaniyya ya yi bayanin masu ƙullawa da warwarewa, da abin da ke fitar da shugaba daga shugabanci, da hanin a ƙulla wa mutum biyu a lokaci guda. Kun kuma san abin da Sayyidina Umar ya yi a shekara ta 23 bayan Hijira da aka soke shi. Ya ambaci mutum shida, ya ba su kwana uku su fitar da ɗaya, ya sa Suhaibu ya riƙa jan salla kafin su gama. Ku dubi abu uku a nan: masu zaɓe sanannu ne, wa'adi yankakke ne, akwai mai riƙon ƙwarya wanda aikinsa ƙayyadadde ne. Ban daidaita majalisar yau da waɗannan bayin Allah ba, hikimar tsarin nake nunawa.

Mutanen Jamus sun iso ga kusa da wannan ta hanyar wahala. Kafin 1933 jam'iyyun da ba sa ga maciji da juna sukan haɗu su hana gwamnati tafiya, amma ba sa iya haɗuwa su kafa wata, har mutane suka gaji suka faɗa hannun Hitila. A tsarin mulkinsu na 1949, sashe na 67, suka rubuta cewa majalisa ba ta sauke shugaban gwamnati sai ta hanyar zaɓen magajinsa da rinjayen dukan wakilai, kuma sai awa 48 ta wuce tsakanin kawo shawara da ƙidaya. An gwada a 1972 a kan Birant, aka sami 247 ana neman 249, ya zauna. An gwada ran 1 ga Oktoba 1982, aka sauke Shimit aka naɗa Kol da ƙuri'a guda, rana guda. Ƙasar Sifen ta ɗauki irin wannan doka, ta kuwa yi aiki da ita a 2018. Inda ba a yanke wa'adi ba kuwa, ku dubi Beljiyam, wadda ta yi kwana 541 tsakanin 2010 da 2011 ana neman kafa gwamnati. Su suna da ma'aikata masu tafiyar da aiki ko ba minista. Mu nan wa ya isa ya ce haka?

Saboda haka ra'ayina shi ne, kada wakilanmu su yarda da komawa tsarin firaminista, a tarayya ko a jiha, sai an rubuta sharuɗɗa biyar baro-baro.

Na ɗaya, ba a sauke gwamnati sai a zauren majalisa, bayan sanarwa ta kwanaki sanannu ga kowane wakili. Takardar sa hannu ba hujja ba ce, taron masauki ba majalisa ba ne.

Na biyu, shawarar saukewa ta zo da sunan magaji a cikinta, ƙuri'a guda ta sauke ta naɗa, kuma da rinjayen dukan wakilai, ba na waɗanda suka halarta kaɗai ba. A majalisar Jigawa mai kujera 30, sai 16. A ta tarayya mai 360, sai 181. Kada a saki reshe a kama ganye.

Na uku, a kira kowane wakili da sunansa ya faɗi inda yake, a buga a takarda da boko da ajami. Wanda kuma ya sauya jam'iyya don a kayar da gwamnati, ya komo gida a sāke zaɓensa.

Na huɗu, bayan zaɓe ko murabus ko mutuwa, a yanke wa'adin kafa gwamnati. Cikin wa'adin tsohuwar ta riƙe ƙwarya: ta biya albashi, ta tsare lafiya, ta tari ambaliya, amma ba ta ba da kwangila, ba ta raba filin fadama, ba ta naɗa manyan muƙamai. Kadan wa'adi ya cika ba a daidaita ba, a mayar wa jama'a su sāke zaɓe.

Na biyar, shugaban ƙasa ba shi da zaɓi a nan. Wanda majalisa ta fitar shi zai rantsar, kuma ba ya rushe majalisa alhali shawarar saukewa tana gabanta.

Fasali na shida, tambayoyi da amsa

In wani ya ce, sharaɗi na biyu garkuwa ce ga azzalumi, domin masu ƙinsa za su yi yawa amma su kasa haɗuwa a kan mutum guda, sai in ce wannan magana tana da nauyi, ban raina ta ba. Lalle zai yiwu mugun shugaba ya ƙara wata shida saboda rabuwar kan abokan hamayyarsa. Amma mutanen da suka kasa haɗuwa a kan suna guda, yaya za su haɗu a kan kasafin kuɗi? Kuma ana iya toshe wannan kafa: kadan majalisa ta ƙi kasafin gwamnati har wa'adi ya wuce, a tafi zaɓe dole. Ta haka ba ya fakewa har abada, ƙasa kuwa ba ta zama ba mai ita.

In wani ya ce, ƙuri'a a fili za ta sa wakili tsoron uban gidansa, sai in ce haka ne, amma a ɓoye wa yake tsoro? Ƙuri'ar Jamus ta 1972 a asirce aka yi ta, daga baya ya tabbata cewa 'yan leƙen asirin Jamus ta Gabas sun ba da kuɗi a cikinta. In haka ta auku can, ina ga inda ake auna wakili da buhu? Wakili manzo ne, wanda ya aike shi yana da hakkin ya san abin da ya faɗa da bakinsa. Gara ya ji tsoron mutanen Guri da suka zaɓe shi da a bar shi da mai jaka cikin duhu.

In wani ya ce, doka a takarda ba ta hana mai ƙarfi, sai in ce gaskiya ne, tawada ba ta tare harsashi. Amma dubi Badun: kowane ɓangare yana da hujja daga layi guda, saboda haka talaka bai san wa ya karya doka ba. Kadan layin ya fito sarari, mai karya shi zai karya ne kowa na gani, alƙali kuma ba shi da wurin laɓewa. Jinga ba ta hana kogi cika, amma ba mai hankalin da zai ƙi yin ta saboda haka.

Kammalawa

Ya ku malamai, ku ne ake tambaya a zaure bayan sallar isha, ku ne ake kawo wa rabon gado da rikicin iyakar gona. Ku karanta wannan mas'ala kamar yadda kuke karanta babin ciniki, ku koya wa almajirai, domin su ne masu ƙuri'ar gobe. Kadan ɗan majalisa ya zo gaisuwa, bayan addu'a ku tambaye shi: in an kawo wannan gyara, me aka rubuta a kan saukewa, me aka rubuta a kan naɗawa, kwana nawa ne wa'adi? In bai sani ba, ku ce ya je ya karanto. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuma mu fara da kanmu. Ƙungiyar manoman rani, da ta masunta, da kwamitin makarantar Islamiyya, da wannan jam'iyya tamu mai buga takarda, kowace tana da shugaba, kowace kuma wata rana za ta so sauya shi. Sau nawa muka ga ƙungiya ta rabe biyu, kowane ɓangare da hatiminsa, injin ban ruwa yana tsatsa ana jiran a san mai makulli? Ku buɗe dokokinku ku duba. In ba a rubuta yadda ake saukewa da naɗawa ba, ku rubuta yanzu da kuke shiri da juna, tun ba a san wanda dokar za ta fara ci ba. Wanda ya saba da wannan a ƙungiyar mutum arba'in, ba za a ruɗe shi da ita a majalisar mutum 360 ba.

Allah ya ba mu shugabanni masu adalci, ya ba su mashawarta masu gaskiya, ya tsare garuruwanmu daga fitina da ambaliya, ya sa albarka a fadamarmu. Wanda ya karanta ya miƙa wa na kusa da shi, wanda ya iya kuma ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah shi ne mafi sani.

Haza wasalam. Daga ɗan'uwanku, almajiri a birnin Haɗejiya.